Tsarabar Ingila

Wanda ya zauna a Hayin Banki a zamanin mulkin soja ya san Mairo mai kitso. In bai san fuskarta ba, ya san aikin hannunta a kan matarsa. Ubanta Bakatsine ne, dako ya kawo shi Babbar Kasuwa, a nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu ya bar gida mai ɗaki uku da dalbejiya a tsakar gida, matarsa ta bi shi ba da jimawa ba. Mairo na budurwa a lokacin, ƙanenta Sanda ko firamare bai shiga ba. Ita ta goya shi, ita ta yi masa wanka, ita ta ja shi zuwa makaranta yana kuka. Da Zakari, direban motar haya a hanyar Zariya, ya zo neman aurenta, sharaɗi ɗaya ta kafa masa: a gidan nan za su zauna, don ba za ta bar yaron ba.

Kitso ba iyawa kaɗai yake so ba. Mace takan ɗora kanta a cinyar wata tun hantsi har azahar, tana zuba mata labarin gidanta, kuma ba kowa ake ɗora wa kai ba sai wadda ake ganin mutuncinta. Mairo ta san haka. Mutuncin nan shi ne jarinta, da shi take ci, da shi take shiga taron suna a matsa mata tabarma.

A shekarar tamanin da huɗu gwamnati ta ba Sanda tallafin karatu zuwa Ingila.

"Me za ka karanto?" in ji Mairo.

"Adabin Turanci, Yaya. Labaransu, waƙoƙinsu, wasanninsu na kwaikwayo, da yadda suke rayuwa."

"Tatsuniya ke nan."

"Ba tatsuniya ba ce."

"To in ka dawo me za a riƙa ce maka, likita ko lauya?"

"Sanda za a riƙa ce min."

Amsar ba ta yi mata daɗi ba, sai ta gyara ta. Matan layi ta gaya musu Turanci zai je ya karanto daga tushensa.

Matan kuwa suka yi abin da aka saba yi wa matafiyi. Gwaggo Hansai, dattijuwar gidan da ke jikin nasu, wadda bakinta ba ya barin kowa, ta kawo dambun nama cike da gwangwani. Ladidi, wata maƙwabciyarsu, ta daka yaji. Wata ta kawo kuka da daddawa, wata ta saƙa masa hular sanyi. Gudummawa irin wannan ba a cewa bashi ce, amma ba a manta ta. Alhaji in ya sauka yakan raba dabino da zamzam. Ko Tanko ɗan Hansai, da ke jan babbar mota zuwa Ikko, ba ya shigowa layin ba burodi a hannu. Balle wanda ya je Ingila.

Shekara uku Mairo tana alkawari a kan kawunan mata. In ta ja gashin Ladidi ta ji ya bushe, sai ta ce, "Bari dai Sanda ya dawo, ki ga man gashi na gaske." Wadda ɗankwalinta ya koɗe ta ce mata ta ƙara haƙuri. Ba ta taɓa aika masa cewa ya taho da tsaraba ba. A ganinta abin da ɗan yaye ma ya sani ba sai an faɗa wa mai karatun jami'a ba.

Ranar da ya dawo, Zakari ne ya ɗauko shi. Akwatin ƙarfe ne a bayan motar, sai da ƙarti suka taru suka kinkimo shi suna nishi. Mata suka cika tsakar gida, har da mai guɗa. Sanda ya rame, ya sa tabarau, ya gaida Gwaggo Hansai a tsaye ba tare da ya rusuna ba. Mairo ta gani ta kau da kai, idonta na kan akwatin. Ita da kanta ta ce a buɗe a gaban kowa.

Littattafai ne. Manya da ƙanana, wasu sun sha hannu har bangonsu ya naɗe, suna warin ɗakin da rana ba ta shiga. Hansai ta durƙusa ta zura hannu har gwiwar hannunta.

"Ƙila tsarabar tana ƙasa ne," in ji ta. Ta lalubo ta lalubo, ta zaro wani littafin.

Sanda ya buɗe jakarsa ya miƙa wa Mairo laima da gwangwanin biskit guda. "Jirgi yana da iyakar kaya, Yaya. Har takalmana na bari a can don in taho da waɗannan."

Hansai ta miƙe tana kaɗe zane. "To sannu da zuwa, Bature. Dambun dai ya yi daɗi ko?"

"Ai a filin jirgi suka karɓe shi, Gwaggo. Ba a shiga da nama. Zubarwa suka yi."

Da ya ce ya ci ya gode, da an wuce wajen. Matan suka fara neman takalmansu.

Daga nan tabarmar Mairo ta soma yin fili. Waɗanda suka saba zuwa ran Alhamis suka gano wata mai kitso a Kawo. In ta je famfo sai ta ji daga baya, "Yayar Bature, a ara mana littafi ɗaya mu yi miya." A gidan suna aka bar ta tsaye har ta gaji ta zauna a bakin rariya.

Ta same shi a ɗaki yana karatu. "Sanda, ka tashi ka shiga kasuwa ka sayo ko sabulu ne, ka bi gida-gida ka gaishe su. Ka ce kayanka ne suka iso a baya."

"Ƙarya ke nan, Yaya."

"Rufin asiri ne."

"Ni karatu na je, ba fatauci ba. Wanda ya ba ni abu, don Allah ya ba ni."

"Kai za ka koya min don Allah? Da na ce don Allah na bar ka da kashi a wando, da ka ga Ingila?"

Ya juya shafi. Wannan juya shafin ya fi zagi ƙona mata rai.

Ba a daɗe ba aka tura shi bautar ƙasa can kudu. Kafin ya tafi ya ɗora akwatin a kan bulo saboda gara, ya ce ta riƙa buɗewa yana shan iska. Da littattafan nan zai koyar in ya dawo, in ji shi, kuma yawancinsu ko a Zariya ba a samunsu.

Mairo ta buɗe akwatin, amma ba don iska ba. Kaɗan-kaɗan ta riƙa ɗura su a buhu tana ba Zakari ya sauke wa masu tsire da masu ƙosai na tashar Kawo. Sun yaba takardar, sun ce tana shan mai ba ta yagewa. Bangon kuma ta hura wuta da shi.

"Mairo, kayan amana ne fa," in ji Zakari, buhu na hannunsa.

"Malam, ɗauki ka tafi, fasinja na jiranka."

Da akwatin ya koma fanko ta shiga Babbar Kasuwa, ta zaɓo sabulai masu hoton Baturiya, da man gashi, da ɗankwalaye masu santsi. Ta jera su a cikin akwatin ta rufe, sai da suka ɗauki warinsa. Sannan ta sanar cewa ragowar kayan Sanda sun iso ta jirgin ruwa.

Ba macen da ba ta san gaskiya ba. Tsiren da mazansu ke shigowa da shi a shafukan Turanci yake zuwa, kuma Hansai ta san rumfar da ake sayar da ɗankwalin, ta ma taɓa taya shi. Amma ta karɓi sabulun ta kai hanci ta lumshe ido.

"Ƙamshin can daban ne," in ji ta.

"Daban ne, Gwaggo."

"Allah ya yi wa yaron albarka."

Shi ke nan, an ba kowa hakkinta, an rufe maganar. Ran Alhamis tabarma ta cika, a gidan suna aka matsa wa Mairo wuri.

Sanda ya dawo daga bautar ƙasa wata Alhamis da hantsi. Tun daga tasha ya riƙa ganin shafuka a kwata, masu maiƙo, iska na kaɗa su. Ya shigo ba sallama. Kan Hansai na cinyar Mairo, an yi rabi, Ladidi da wasu na jiran layi. Ya wuce ɗaki. Suka ji ƙarar murfin ƙarfe. Ya fito tabarau a hannu.

"Yaya, ina littattafaina?"

"Sannu da hanya. Shiga ka sha ruwa, ma yi magana." Ta faɗa ƙasa-ƙasa, yatsunta ba su tsaya ba.

"A nan za mu yi. Shekara uku ina cin burodi da ruwan shayi don in saye su. Akwai wanda malamina ya ba ni da hannunsa. Na gan shi a kwata, Yaya."

"Na ce ka shiga ciki."

Ya dubi ɗankwalin da ke kan Ladidi, ya dubi kwalbar man da ke gefen tabarma, ya gane. Ya juya ga matan.

"Wannan ba daga Ingila ya zo ba. Ni ban aiko da komai ba. Kayana ta sace ta sayar ta sayo muku a kasuwa."

Yatsun Mairo suka tsaya. Hansai ta ɗaga kanta daga cinyar a hankali, rabi a kitse rabi a tsefe, ta ɗaura kallabi a kai.

"Mun sani, Bature," in ji ta. "Tun ranar mun sani. Amma tunda ka ce sata, ai ba ma riƙe ba."

Kafin la'asar kayan suka fara dawowa. Ba wadda ta yi aike, kowace da ƙafarta ta zo. Sabulun da aka ci rabinsa, man da aka lakata, ɗankwali a ninke. Su ajiye a bakin tabarma, su ce "ga naku," su juya. Mairo na zaune a gindin dalbejiya tana kallonsu. Mayar da kyauta ba a gyara shi da haƙuri, ita ma ta sani.

Sanda ya kwashe tufafinsa ya koma Rigasa, ya samu koyarwa a wata sakandare, yana bin abokai aron littafi. Mairo kuwa kawunan layin ba su sake hawa cinyarta ba. Ta kafa rumfa a gefen kasuwar Kawo tana yi wa baƙi kitso, matan da ba su san sunanta ba, kuma ba ta tambayar nasu. Hannun yana nan yadda yake, hirar ce babu.

Bayan wata damina ya zo neman akwatin, ko fankon ne, don ba shi da wurin ajiye kaya. Ya tsaya a zaure ya ce wa Zakari ya shiga ya faɗa mata. Ta ce a ɗauko masa. Zakari ya jawo shi da ƙyar, Sanda ya ji da nauyi, ya ɗaga murfin. Sabulai ne da kwalabe da ɗankwalaye, duk abin da aka mayar, a jere.

"Me zan yi da wannan?"

Mairo ta amsa daga tsakar gida, ba ta leƙo ba. "Tsarabarka ce. Ka kai Rigasa ka karanta."