Tauraron da Maigidana Ya Gani a Badaguishiri

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, wanda tsofaffin ɗalibansa na Konni da Malbaza suka sani da Mushe Idi, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, malamin kimiyya. Ni ma malamar lakwal ce, wato makarantar boko, mun yi ritaya kusan lokaci ɗaya, muka koma garinsu Badaguishiri. Mutane suna tuna shi da alli da tsohon babur. Ni kuwa abin da na fi tunawa shi ne madubin hangen nesa da wani Bature abokin aikinsa ya bar masa da zai koma ƙasarsu.

Da wannan madubi yake farautar abu ɗaya tak: tauraron da ya fashe. Ya bayyana mini cewa akwai taurarin da in kwanansu ya ƙare sukan tarwatse, haskensu ya ƙaru ƙwarai na ƴan makonni, sannan ya dushe. Irin wannan yakan faru ne cikin gungun taurari masu nisan gaske, waɗanda a madubi sai ka gan su kamar ɗan hayaƙi. Ya zana kowane gungu a kati, da ɗigogin da ke kewaye da shi. Bayan isha'i yakan hau soro ya gwada abin da ke sama da abin da ke katin, ko an sami ɗigon da babu shi jiya. Shekara goma sha huɗu yana haka.

A shekarar ƙarshe idonsa ya fara yana. Wata rana farkon damina ya kira ni daga soro, abin da bai saba ba.

"Malama, taho ki duba. Ban yarda da idona ba. Ɗigo nawa kika gani gefen hagu?"

Na ce uku. Ya miƙo mini katin, biyu ne a ciki.

Na ce masa gobe da sassafe ya shiga mota zuwa Konni ya aika wa masana ta intanet, tunda lokacin garinmu babu. Ya ce a'a. Yana iya zama ɗan dutsen sama ne ke wucewa; in haka ne zai gusa, don haka sai ya sake ganinsa a wuri guda kafin ya buɗe baki. Washegari hadari ya rufe sama. Kwana uku bai yaye ba. A na huɗu muka ga ɗigon nan daram, ya ma ƙara haske.

Ya je Konni ya dawo da la'asar, ya ajiye hularsa, ya ce wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya riga shi ba da rahoto da kwana biyu. Sunan wancan aka rubuta.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce masa shekara goma sha huɗu ya zubar saboda taurin kai. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "In na aika abin da ban tabbatar ba, ya zama ƙarya, da wane ido zan dubi yaran da na koyar?" Sati guda bai hau soro ba. Ya ji ciwon abin fiye da yadda ya nuna.

Duk da haka ya aika zanensa. Bayan wata biyu wata masaniya ta amsa. Ni na karanta masa, don lokacin ba ya iya ganin ƙananan baƙaƙe. Ta ce sun raba hasken tauraron kamar bakan gizo, sun ga alamar iskar haidurojin a ciki, wato babban tauraro ne da ya rufta kan kansa, ba ƙaramin da ke zuƙar maƙwabcinsa har ya fashe ba. Ta ce zanensa ya taimaka musu sanin lokacin da hasken ya fara tashi. Ya sa na maimaita wannan layin, sannan ya tashi ya yi alwala.

Yau na ji an ce manyan madubai ne ke share sama da kansu, na'ura ta tsinto sabon ɗigo kafin wani mutum ya ɗaga kai. Intanet ta shigo wayar kowa a Badaguishiri. Saƙon da ya kai shi Konni yanzu daga kan tabarma za a tura shi. Nakan tambayi kaina ko zai ji an ƙwace masa sana'a. Ina jin zai yi murna, sannan ya tambaya wa ke duba na'urar in ta yi kuskure. Abin da zai dame shi shi ne yadda muke tura labari tun ba mu gama karanta shi ba.

Har yanzu ban yanke ko shi ne da gaskiya a ranar nan ba. Amma bara, ina gyaran akwatinsa, na tarar da littattafai goma sha ɗaya da ban taɓa buɗewa ba. Kowane layi rana ce, da gungun da ya duba, da abin da ya samu. Shafi bayan shafi kalma biyu ce: "Babu sabo." Ba wanda zai bincika, ba wanda ya sa shi, amma bai taɓa rubuta "wataƙila" don ya faranta wa kansa rai ba. Na zauna na karanta su duka, har layi ɗayan nan da ya bambanta. A gefensa ya rubuta: "Malama ma ta gani."

Allah ya haskaka makwancinsa.