Baffa, Tarin da Ka Haɗiye

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baffana, kafinta, a gadon asibiti, yana da shekara sittin da bakwai. Daga Allah muke, gare shi muke komawa. Na wanke wannan ayar a allo tun ina ƙarami, amma sai ranar na ji nauyinta a harshena. An yi masa sutura bayan azahar. Saura kwana tara ya shanye maganinsa, saura kwana tara ya ɗauki jikarsa a hannu karo na farko.

Baffa, ni ne Aku. Kai ka sa mini sunan, saboda babu muryar da zan ji sau biyu ban ɗauke ta ba. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara shida, ka ɗauko ni ka haɗa da ɗanka, Yaya, ba ka taɓa bari na gane wanne ne ɗan cikinka ba sai da mutanen waje suka gaya mini. Abin da na saka maka da shi tsokana ce. Na taɓa laɓewa bayan shagonka na kira ka da muryar Inna, matarka, ka ajiye zarto ka taho gida a guje. Da na koyi ɗinki, rigarka na fara ɗinke wa hannu ɗaya. Ka cire ta ka sa wata. Washegari na zauna a kujerar kekena na ji tana rawa. Ashe ka rage wa ƙafa ɗaya tsawon yatsa. Wata guda ina ɗinki a karkace kafin ka gyara.

Sai Allah ya ba Yaya da matarsa 'ya mace bakwaini, a wata bakwai na ciki. Nauyinta kilo ɗaya, ni kuwa na sa mata suna Kilo, ya bi ta har yau. Wata huɗu ta yi a asibiti. Likitoci suka huda maƙogwaronta suka sa ɗan bututu, ta nan take numfashi. In majina ta toshe shi, sai an zuƙe da inji nan take. Kuma ba ta da murya: za ka ga fuskarta ta yamutse, baki a buɗe, hawaye na zuba, amma ba ka jin komai. Aka ce za a sallame ta, da sharaɗin a gyara gida, kuma nas za ta zo ta duba da idonta. Ƙura, hayaƙi, sanyin bango, mura ta wani, kowanne zai iya kai ta kabari.

Kai ka ba da ɗakinka, don shi ne mai taga biyu. Ka ɓalle tsohon silin da ya sha yoyo, ka kankare bango har ya yi fari, ka yi fenti ka bar shi mako uku yana shan iska. Ka mayar da kicin ƙarshen tsakar gida, Inna na mita tana bin tukwanenta. Ka kai janareta bayan katanga, ka ja waya daga can, ka tanadi batir saboda inji. Tattabarunka na shekara ashirin ka ba da su kyauta. Suka dawo. Ka sake kai su nesa, suka sake dawowa suka jeru a kan rufi suna kallonka, sai ka rushe akurkin da hannunka, ka shiga shago ka rufe ƙofa. Ranar ban tsokane ka ba.

Gadon da ka yi mata ban taɓa ganin irinsa ba. Ka auna tsawonsa da ƙugun matar Yaya don kada ta riƙa sunkuyo. Ka yi masa kanta ta inji, da maƙalin tiyon iska, da tayoyi. Ka goge kowace kusurwa har ta yi santsi, ka ƙi shafa masa komai mai wari. A bakin ƙofa ka kafa famfo da sabulu, ka ce ko limamin unguwa ne ya zo sai ya wanke hannu har gwiwa. Ni na ɗinka labule da zanen gado masu jure wanki kullum. Da aka koya wa 'yan gida zuƙe bututu a jikin 'yar tsana, kai ka fi kowa maimaitawa, da waɗannan yatsun naka masu kanta. Kuma kai ka yi tunanin abin da bai zo wa kowa ba: ka samo ƙananan ƙararrawa uku ka sa na ɗinka su a zare mai laushi, a ɗaura mata a ƙafa. Ka ce tunda ba ta da baki, a ba ƙafarta baki.

Abu ɗaya ne ba mu gyara ba, shi ne tarinka. Shekara biyu kana yinsa: gajeru biyu, dogo ɗaya, sai ka ce astagfirullah. Mun ce garin katako ne. Ya zame mana kamar ƙarar ƙofar gida, muna ji ba ma ji. Da aka tambayi Yaya a asibiti ko akwai mai tari a gidan, ya ce babu, kuma wallahi ba ƙarya ya yi niyya ba. Ni kuwa tarin ya zama jarina. In ina so a watse daga hira sai in yi shi daga bayan ƙofa, kowa ya gyara zama. Kai ma kana dariya.

Ranar da nas ta zo da takardarta, gidan ya yi tsit. Tana shafa saman taga da yatsa, tana kunna inji tana kashewa, tana tambayar wa zai kwana a ɗakin, wa zai karɓe shi. Kana tsaye jikin bango, hannu a baya, kana tsotsar alewa, gumi na bin wuyanka, idonka ya yi ja. Na ɗauka tsoron kada a kushe aikinka ne. Ina baranda ina hango matar Yaya, tsoro ya sa ta kasa haɗa tiyo. Na ce bari in sa su dariya su saki jiki. Na yi tarinka, gajeru biyu, dogo ɗaya, har da astagfirullah.

Ba wanda ya yi dariya. Biron nas ya tsaya. Ta tambayi wane ne. Na leƙo ina washe baki na ce ai kwaikwayon Baffa nake yi. Ta ce in sake. Na sake. Ta juya gare ka ta tambayi tun yaushe kake irin wannan tarin. Ka buɗe baki za ka amsa, sai na gaskiyar ya zo, wanda ka haɗiye kusan awa guda. Ya lanƙwasa ka. Ka miƙa hannu za ka dafa gadon, ka janye kamar ka taɓa wuta, ka fita waje da gudu.

Gwaji ya nuna tarin fuka, ga huhun da garin katako ya riga ya ci. Aka gwada mu duka, ba a samu kowa da shi ba sai kai. Aka sake wanke ɗakin daga sama har ƙasa, aka ɗaga dawowar Kilo da mako shida. Inna ta ce na kunyata ka a gaban baƙuwa, ta daina amsa gaisuwata. Yaya ya daina kallonka. Matar Yaya ta koma asibiti ta zauna wajen 'yarta. Kai kuma ka naɗe tabarma, ka ɗauki buta da kofi ɗaya da ka ɗiga wa jan fenti, ka koma ɗan ɗakin bayan shago.

Sai a kwana na uku na iya zuwa. Ka ce in tsaya daga bakin ƙofa. Na fara ba ka haƙuri, ka ɗaga hannu.

Ka ce, “Aku, wata uku ke nan ina ganin jini a hankici. Na san ba garin katako ba ne. Na ce bari ta zo in ɗauke ta sau ɗaya tukuna, sannan in je asibiti. Da ka yi shiru ranar nan, da ni zan kashe ta, a kan gadon da na yi mata.”

Na kasa ɗaga kai. Can ka ce, “Amma tari na ukun nan ka cika jan sa. Ni ba haka nake yi ba.”

Ba na rubuta wannan don in tona maka asiri ba, Baffa. Kai ka ce in faɗa. Ka ce in mutane suka zo suna yabon gado da famfo, in gaya musu har da alewar, don wani tsoho mai tari a wani gida ya ji.

Kilo ta dawo gida ba ka nan. Kafin ta zo ka cire ƙasan tagar gabas ta ɗakinta ka sa gilashi garai-garai, ka kafa benci a waje. Kullum bayan la'asar sai ka shigo ta ƙofar baya da takunkumi a fuska, ka zauna. Bayan wata biyu likita ya ce ka daina yaɗa cutar, kana iya shiga. Ka ƙi. Ka ce ka taɓa yarda da son ranka sau ɗaya, ba za ka ƙara ba sai ka haɗiyi ƙwayar ƙarshe. Ka zana kwanakin wata shida a jikin wani katako, kullum ka soke ɗaya da fensir.

Muryarka ta yi ta raguwa har ba ta ratsa gilashi. Nan ka samo mini aiki. Sai in wanke hannu har gwiwa, in rufe fuska, in tsaya kusa da gadon, kai kana nuni daga waje ni ina faɗa mata da muryarka. Kana tambayar ko ta ƙoshi, ni ina ƙara nawa: wai Baffa ya ce ke mummuna ce, kin ɗauko hancin Aku, kuma bana ba za a sayi kilo ɗaya da tsada ba. Ka dunƙule mini hannu ta gilashi, ita kuma ta yi ta harba ƙafa, ƙararrawa na kaɗawa. Ka ce da ni wannan ƙarar ita kaɗai ce muryarta da ka sani.

Wata rana matar Yaya, da ta kwana biyu ba ta runtsa ba, barci ya sace ta a kujera cikin ɗakin. Bututun ya toshe. Kai ka ji ƙararrawar ta canja, ka ga leɓen yarinyar yana duhu. Taku uku ne tsakaninka da ƙofar, kuma ka fi kowa iya injin nan. Ka yi ta dukan gilashi da tafin hannu har uwar ta zabura ta zuƙe. Da na iso kana riƙe da katakon taga, farcenka ya tsage yana jini, ba ka ma sani ba. Da yamma Yaya ya zo ya zauna a gefen bencinka. Daga ranar shi yake kai maka abinci da kansa.

Da damina ta kankama wani zazzaɓi ya kama ka, ya sauka a ƙirji. Ranar Juma'a muka kai ka asibiti. Ranar Litinin da rana ka sa na sunkuyo, ka tambayi saura nawa a katako, don ni nake soke maka tun da aka kwantar da kai. Na ce goma, na manta da ƙwayar da ka sha da safe. Ka yi murmushi ka ce lissafina ma a karkace yake kamar ɗinkina. Sannan ka ce, “Ka ci gaba da yi mata muryata. Ban da tarin.”

Kwana biyu bayan mun rufe ka, bayan la'asar, matar Yaya ta zo har inda nake zaune da masu gaisuwa. Tun ranar da nas ta zo, ba ta taɓa neman wani abu a wajena ba. Ta ce yarinyar ta juya kai wajen taga tana ta harbi, ta ƙi kwanciya. Na wanke hannu, na shiga, na buɗe baki, sai tawa muryar ta fito, ita ma a karye. Na fita. Washegari na koma, Allah ya ba ni iko, na tambaye ta ko ta ƙoshi. Ƙararrawa ta amsa. Da na ɗaga kai sai na ga Inna a kan bencinka, ta rufe fuska da mayafi. Da na fito ta ce, “Gobe ma ka zo.” Maganarta ta farko ke nan gare ni cikin wata shida.

Kilo yanzu ta haura kilo shida. Likita ya ce in huhunta ya ci gaba da ƙarfi, wataƙila baɗi a cire bututun, mu ji muryarta. Katakon yana jingine a ƙarƙashin taga da layi tara da ba a soke ba. Ba wanda ya taɓa shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta yi shekara arba'in tana share garin katako daga aljihunsa. Ga Yaya da matarsa. Ga 'yan'uwa da abokan sana'arsa. Da Kilo, wadda ba ta san abin da ta rasa ba tukuna, kuma ni aka bar wa gaya mata. Wanda Baffa ya ɓata wa, ya yafe masa don Allah. Ni ma, wanda na tsokana har ta yi zafi, ya yafe mini.

Allah ya jiƙanka, Baffa. Ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sa ciwon ƙirjinka ya zama kankarar zunubi. Allah ya raya yarinyar nan, ya ba ta numfashi mai sauƙi, ya haɗa ku a Aljanna inda babu gilashi tsakaninku. Ya gafarta maka tarin da ka haɗiye, ya ba ka ladan taku ukun da ba ka yi ba. Amin.