Ammu Fahri da Hoton Rayyis Shahata

Kullum da safe Ammu Fahri yakan fito da akwatin hotonsa mai ƙafa uku, ya kafa shi a ƙofar shagonsa a nan garin Rashid na ƙasar Masar, ya kakkaɓe baƙin ƙyallen da yake lulluɓa a kansa, sannan ya zauna shan shayi. Akwatin ya girmi ubana. Wanda ya zauna gabansa dole ya tsaya cak, in ya motsa fuskarsa ta fito kamar hayaƙi. Ni da ban iya zaman aji ba har na bar makaranta, kujerarsa ce kaɗai ta taɓa zaunar da ni.

Muna tsokanarsa cewa wayar kowa ta fi akwatinsa sauri. Yakan ce waya tana ɗaukar hoto tun mutum bai iso ba, shi kuwa yana jira sai mai fuskar ya shigo cikinta.

Bara muka ga abin da yake nufi. Rayyis Shahata, wanda ya yi rayuwarsa yana jan jirgin kamun kifi, ya kamu da ciwon karkarwa. Yana son hoton da za a rataye a bango bayan rasuwarsa, a ɗaura wa hoton baƙin zare kamar na mahaifinsa. Jikokinsa sun ɗauke shi da waya ba iyaka, ya ce duk marar lafiya yake gani a ciki, kuma ba zai yarda 'ya'yansa su riƙa gaida marar lafiya ba.

Ya zo shagon, aka gwada, kai da hannu suka ƙi tsayawa. Ya miƙe zai tafi.

"Bari kawai, Fahri. Ni da akwatinka duk mun ƙare."

"Kai dai ka ƙare, tsohon banza. Nawa lafiyarsa lau. Gobe ka same ni bakin ruwa."

Washegari Ammu Fahri ya saɓa akwatin a kafaɗa, da gwiwarsa mai ciwo, har inda jirage suke. Ya jibga wa Rayyis yagaggiyar koma a cinya, ya ce masunta sun ce ɗinkinsa ya lalace. Rayyis ya fusata, ya fizgi allura. Masunta da suke wurin sun shaida: yana ja ƙulli ya ɗaure, hannun ya daina rawa. Ammu Fahri na ƙarƙashin ƙyalle, bai yi gaggawa ba, sai da tsohon ya ɗago kai zai rama zagi, ya tsaya yana hararar akwatin, sannan Ammu Fahri ya ɗauki hoton.

Da aka wanke hoton, Rayyis ya daɗe yana kallonsa. Ya ce wa 'yarsa Nabawiyya wannan za ta rataye, ta sa a goge na waya.

Ammu Fahri, kai ne mai jiran fuska. Takardar hoto ta ɓace a garin nan, kana hawa mota zuwa Alƙahira ka nemo. Idonka ya fara gajiya, ka ce sai ranar da ka kasa bambance mutum da inuwarsa za ka naɗe ƙyallen. Mun gode, Allah Ya ƙara maka gani.

Ku kuma samarin Rashid, kowace sana'a kuke yi, ku koyi tsayawa kan mutum har ku gan shi. Wanda ubansa ke raye ya kamo hannunsa ya kai shi shagon nan, tun akwai mai jira.