Baƙon da Ya Cinye Doya

Muna tsakiyar kiɗa, manya sun yi tsit cikin manyan riguna, sai na hango Mama Ladi a bakin rumfa ta dafe ciki tana dariya har da hawaye.

Lokacin ana kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja ne, aka haɗo da ƙungiyarmu ta makaɗa. Ni gogen Turawa nake ja. Mama Ladi 'yar Gbagyi ce, ita ke sayar mana da sakwara a Garki, kullum tana daka tana rera wata waƙa da yarensu. Karin ya shiga ran Oganmu, ya ɗora shi kan goge da sarewa da ƙaho, ya rage masa gudu har ya koma kamar addu'a. Da shi muka tarbi manyan baƙi ran nan.

Ana tashi ni da Oga muka nufe ta.

Na ce, "Mama, mun ɓata waƙar ne?"

"A'a ɗana, ta yi daɗi. Amma kun san me take cewa? Baƙo ya zo, ya cinye doya, ya ƙi tafiya."

Na ce a raina shi ke nan, aikinmu ya tafi. Sai Oga ya ƙyalƙyale da dariya.

Ya ce, "To Mama, ai ba ƙarya. Ƙaro mana sakwara."

Ɗazu na ji jikata tana rera karin, na yi dariya har na ƙware. Ga ni nan a Durumi cikin Abuja da furfurata, har yau ban tafi ba.

Wa ya taɓa taya waƙa bai san da shi ake ba? Ku faɗa, kada a bar ni ni kaɗai.