Hanyar da Ba Ta Kai Mutum Ko'ina

Shekarun baya, bayan na ajiye alli na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in riƙa tafiyar ƙasa kullum da safe. Na gwada cikin garinmu Dungas. Rairayi ya cinye mini takalmi, motoci suka kusa cinye ni. Sai na zauna na zana hanyar shan iska a takarda: ta fita bayan gari, ta zagaye tabki, ta dawo inda ta tashi. Har da ma'auni na zana ta, kamar zan ba wa sufeton makarantu.

A meri, ofishin magajin gari, aka ce ba laifi, in dai masu gonaki sun yarda. Na fara da abokina, don gonarsa ce ta farko. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, ina take kai mutum?"

"Ba ta kai shi ko'ina. Tafiyar ce amfanin."

"To ka zagaya ɗakinka mana, ka bar mini gyaɗata."

Wata biyu ina bin mutane. Wannan ya ce a kauce wa ƙuƙarsa, wancan ya ce kakansa ne ya kafa iyakar. Da muka gama, zanena mai kyau ya koma kamar sawun maciji. Duk da haka muka yi gayya, kamiyo, babbar motar kaya, ya zuba jar ƙasa, muka daddaɓe, muka dasa itatuwan bedi, wato dogonyaro. Awaki suka cinye bedin kafin Juma'a.

Kwana uku na ji daɗinta. Rana ta huɗu 'yan kabu-kabu, masu haya da moto, wato babur, suka gano ita ce kaɗai ƙasa mai ƙarfi a wajen, suka mai da ita hanyar shigowa gari. Bayansu amalanken jakai suka biyo. Na kafa turaku, aka cire aka ɗaure tumaki da su. Na rubuta allon gargaɗi, wani ya yi murfin akurki da shi. Jinin da nake neman saukarwa ya ƙara hawa.

Ran kasuwa na ɗauki usur ɗina na lakwal na tsaya tsakiyar hanya. Mai moto na farko na hura masa, ya tsaya. Tsohuwar da ke bayansa ta yaye mayafi. Yayata ce.

"Kai ne ka tare hanya?"

"Yaya, wannan ta masu tafiyar ƙasa ce."

"Ƙafata ta kumbura, asibiti za ni. Ta rairayin can sau biyu na taɓa faɗuwa. In sauka ka goya ni?"

Na matsa. Usur ɗin ma aljihu na tura shi.

Daga baya muka zauna da shugaban 'yan kabu-kabu gaban mai gari. Aka yanke: daga sallar asuba zuwa fitowar rana hanyar tamu ce, sai mai ɗauke da marar lafiya. Sauran yini ta kowa ce, kuma su za su riƙa cike ramukan bayan damina. Suna cikewa, in an yi musu magana sau biyar.

Har yau in na ga sawun taya a kanta raina yana ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma na san laifina. Na tambayi kowa izinin gonarsa, ban tambayi kowa inda yake wahalar zuwa ba. Mu masu tafiyar safe yanzu mu bakwai ne, dukanmu tsofaffi, kuma duk zagayen da muke yi, zagin 'yan kabu-kabu muke. Su kuma in rana ta fito suka iske mu a kanta sai su rage gudu su ce, "Baba, a ɗauke ku?"