Gilashin Hagu na Tabaraun Baba

Har na yi aure na haihu ban taɓa ganin idon hagu na Baba ba. Tun kafin a haife ni wani sa ya soke shi da ƙaho a mayanka, idon ya tsiyaye, daga ranar ya sa baƙin tabarau bai ƙara cire shi gaban kowa ba sai Inna. Da shi yake saran nama a kasuwar Bibemi, da shi yake zuwa masallaci. Alwala ma sai ya juya mana baya. Muna yara mun ɗauka haka Allah ya halicci fuskarsa.

Bayan rasuwar Inna da ɗan lokaci, matar yayana ta kira ni ina Garwa, inda nake koyarwa. Ta ce tabaraun ya faɗi a kan kututturen sara, gilashin hagu ya rabe biyu, Baba kuma ya shige ɗaki ya saki labule. Ba kasuwa, ba masallaci, tuwo ma sai a tura masa ta ƙasan labulen. Sun sayo masa wasu a kasuwa, duk ya turo su waje. Mutumin da bai iya zaman minti ɗaya ba tare da wuƙa a hannu ba, ga shi a kwance cikin duhu. Na san irin zaman nan shi ke karya tsoho.

Da na je, hannunsa kawai na gani. Ya miƙo tabaraun a ƙulle cikin hankici.

"Ki kai Garwa a sa irin nasa," ya ce. "Kuma kada a miƙe shi. Yadda yake a karkace, haka kunnena yake."

A mota, kan hanyar komawa, na kwance hankicin. Firam ɗin roba ne mai kauri, ya tsufa har ya dushe. Gilashin dama duk ya karce. Gutsayen na hagu kuwa, ta ciki, wani baƙin abu ne ya daskare a kai kamar gindin tukunya. Nan take na ce hayaƙin tsire ne da kitse na shekara da shekaru. Kunya ta kama ni. Ni da aka tsokana da 'yar mahauta tun daga firamare, ni da yanzu ake ce wa madam, in shimfiɗa wannan datti a teburin wani? Na tofa yawu a bakin zanena na yi ta gogewa har gutsayen suka yi tas. Kafin mu hau gadar Binuwai har wani daɗi nake ji, wai na wanke wa Baba mutunci.

Mai gyaran da aka kwatanta mini yana cikin babbar kasuwa, bayan masu agogo. Mutumin ƙauyukan kan duwatsu ne, da ɗan gicciye a wuya, Hausarsa ta kasuwa ce da Faransanci a tsakani. Ya juya firam ɗin ya yi tsaki.

"Madam, wannan ya gaji. Ki ɗauki sabo, ga su nan, bon prix, da araha."

"Wannan nake so. Gilashi kawai za ka canja, kuma kada ka miƙe shi."

"In ya karye a hannuna fa?"

"To kada ya karye."

Ya yi dariya, ni kuwa ko murmushi ban yi ba. Ya zube gilasai daga wani gwangwani, yana ɗaga su a rana ɗaya bayan ɗaya kusa da gutsuren da na goge, har ya sami wanda launinsu ya zo daidai. Ya haɗa gutsayen biyu a kan sabon, ya zana gefensu da alƙalami, ya kunna ɗan injin gurza. Ƙarar nan har cikin haƙorina. Duk ya gurza kaɗan sai ya gwada, bai shiga ba, ya ƙara. Ni dai tunanina ɗaya: in ya zarce, gilashin zai yi lako-lako ya faɗo wata rana a tsakiyar kasuwa, gaban mutane.

Sai ya tafasa ruwa a kan risho, ya tsoma firam ɗin ciki don robar ta saki. Na miƙe tsaye ban sani ba.

"Zauna, madam, ba miya nake yi ba."

Ya ciro shi yana tururi, ya danna gilashin da manyan yatsunsa biyu. Na ji ƙas! Na rufe ido, na ce shi ke nan, na kashe ubana. Ashe shigar gilashin ce. Na karɓa na girgiza, na ƙwanƙwasa da farce, ko motsi. Karkacewar ma tana nan yadda take. Na yi masa godiya da Hausa, na ƙara da Fulatanci, har da Faransanci don kada wata ta ragu.

Washegari da hantsi na isa Bibemi, na miƙa ta labule. Na ji motsinsa, na ji ya gyara murya, sai ga shi ya fito tsakar gida. Ya rame. Tabaraun ya zauna ɗas a fuskarsa kamar ba a taɓa cire shi ba. Matar yayana har ta fara guɗa. Sai ya juyo ya fuskanci rana. Ta cikin gilashin hagu ina hango komai: fatar idon da ta lotsa ciki, da tabon da ya ratsa ta.

"Ana gani?" ya tambaye ni.

Na so in ce a'a. Da na faɗa, da ya ɗauki wuƙaƙensa ya tafi kasuwa yana murna, kowa yana kallon abin da ya ɓoye tun kafin a haife ni.

"Ana gani, Baba."

Can ya ce, "Baƙin da ke jikin tsohon gilashin, mai gyaran bai gani ba?"

"Ni na goge shi a mota. Na zaci datti ne."

Ban san me na yi tsammani ba, faɗa ko komawa ɗaki. Sai ya ce wa matar yayana ta ba mu wuri, ni kuma in ɗauko fitilar ƙwai da ƙaro a kwallar Inna.

"Uwarki ke yi mini," ya ce. "Baƙin fitila da ƙaro, ta shafa ta ciki da gashin kaza. In ya koɗe ta sake. Tun da ta tafi ni nake yi, da lalube, shi ya sa kika gan shi a daskare."

Na kankaro baƙin daga ƙwan fitilar, na jiƙa ƙaron, na dama su a murfin kwalba. Ya zauna a tabarma gabana, ya cire tabaraun ya miƙo mini. Na jira ya juya baya, ko ya kare fuskarsa da hannu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya aza hannuwansa a gwiwa, ya bar fuskarsa a rana, ni kuma na dube shi sosai, karon farko a rayuwata. Ba abin tsoro a wurin. Tsohon tabo ne kawai a fuskar ubana.

Na tsoma gashin kazar, hawaye na hana ni ganin gefen gilashin.

"Yi a hankali, 'yata," ya ce. "Kada ki taɓa na dama. Da shi nake ganinki."