Wutar da ta kama rigar ɗan fari

A gidanmu na Dutsi, lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai Iya Delu, mahaifiyar Babanmu, ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Haƙoranta sun zube, amma bakin nan nata ya fi aska kaifi. Ina ƙaunar tsohuwar nan har gobe.

Shekarun nan ne da aka kafa shari'a, aka rufe wuraren shan giya, sai ƙwaya ta shigo gari ba sallama. Yayanmu Habibu yana acaɓa tsakanin Dutsi da Mashi, abokai suka koya masa haɗiya, wai tana kashe gajiya. Ya rame, abinci ya fita ransa, har ya fara zubar da fasinja a hanya. Kowa a gidan ya sani. To amma shi ɗan fari ne, Baba kuwa mutumin zamanin da ne: bai taɓa kiran sunansa ba, balle ya zaunar da shi su yi magana. Iyakarsa ya ce wa Inna, "Ki gaya wa yaron nan ya shiga taitayinsa." Ita ma Innar kunya ta ɗaure mata baki.

Rannan Baba yana kan tabarmarsa can gefe yana jin rediyo, Iya ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai wani mutum ne ke jin ɗumi da ɗansa na fari. Ɗan yana gyangyaɗi, tartsatsi ya faɗa masa a gefen riga. Uban ya gani, amma ina bakin kiran suna? Sai ya taɓa matarsa. Matar ta sunkuyar da kai, ta raɗa wa ƙanwarta. Ƙanwar ta tafi kiran maƙwabci. Maƙwabci ya zo ya tsuguna, ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi, alhali wuta ta kai kafaɗa.

Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Iya, ya ƙone?"

Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Ina na sani, 'yar nan? Uban dai yana nan zaune, har yanzu bai buɗe baki ba."

Sai muka ji an kashe rediyo.

Da safe ina shara na ji abin da ban taɓa ji ba daga bakin Baba. "Habibu, zo ka kai ni Mashi." Buta ta suɓuce wa Yaya. Ba su dawo ba sai bayan la'asar, idanun kowa jajur. Daga baya Yaya ya ce mini ko zagi ɗaya Baba bai yi ba, tambayarsa kawai ya yi abin da ke damunsa, ya kuma saurara. Bai warke dare ɗaya ba, an sha faɗi tashi, Baba da kansa ya riƙa raka shi asibiti.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙan ta. Kunya adonmu ce, ban raina ta ba, amma sai da na haihu na san nauyin da Baba ya ɗaga. Ranar da na tsinci kwalbar maganin tari a jakar ɗana na fari, ga shi ba ya tari, har na ɗauki waya zan kira ƙanwata ta yi masa magana. Na ajiye wayar. Na kira shi da sunansa, na ce ya zo ya zauna kusa da ni.